Hitar akwatin kifin Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kar ku yi min dariya, na san wasu za su ce maganar kifi ce kawai, amma ni ta hana ni sukuni.

Ni mace ce, ina zaune a Sakasaka nan Tamale, ni ke kula da mahaifinmu, ya tsufa ƙwarai, hankalinsa yana zuwa yana tafiya. A ɗakinsa akwai wani ɗan akwatin gilashi na kifi mai firam ɗin ƙarfe, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Shekarar da Ghana ta samu 'yanci ya karɓe shi a hannun wani malamin makaranta mutumin kudu da aka mayar gida, ya ɗauko shi a keke ya kai wa Mma, mahaifiyarmu, tana amarya, duk unguwa aka zo kallo, don ba a taɓa ganin mai ajiye kifi ba don miya ba. Mun taso mun tarar da shi, kifi ya mutu a sake wani, gilashi ya tsage a liƙe. Tun da Mma ta rasu kuma, nan ne wurin zamansa. Da safe sai ya tsoma hannu a ruwan, ƙananan kifayen su zo suna taɓa masa yatsu, daga nan ne yake yarda ya sha koko. Akwai ranar da bai gane ni ba, amma bai taɓa manta ba su abinci ba.

To da zafin bana ya yi tsanani jikinsa ya rikice, likita ya ce a nema masa sanyi, yayana da ke Kumasi ya aiko aka sa masa esi, na'urar sanyaya ɗaki, a ɗakin. Baba ya ji daɗi, ruwan kuma ya koma kamar na firji. Kifayen suka daina yawo, suka kwanta a ƙasa, aka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya ga na farko a kife, wuni ya yi bai sa komai a baki ba. Na gwada fitar da akwatin falo, sai ya tashi nemansa ba sanda, da ƙanwata ba ta tare shi a bakin ƙofa ba da ya faɗi.

Aka ce min hita ce magani, wato na'urar lantarki mai ɗumama ruwa. Na je wajen mai sayar da kayan kifi a cikin gari, iri biyu gare shi. Ɗaya ƙarama ce ta roba, daidai akwatinmu, amma ba ta kashe kanta, in an manta da ita ko esi ya tsaya, ya ce tana iya dafa kifin. Ɗayar ta gilashi ce mai kashe kanta idan ruwa ya yi ɗumi, sai dai ta babban akwati ce, dole a kwantar da ita a karkace, kuma in ruwa ya ragu kanta ya fito, fashewa take yi. Na tambaye shi in tsoho na sa hannu a ciki fa? Ya ce, "Hajiya, wannan kam ba zan ɗaukar miki alkawari ba." Mai gyaran lantarkinmu ma ya duba ya ce wayoyin gidan tsofaffi ne, ga firam na ƙarfe, ga wutar da ake ɗaukewa ta dawo da ƙarfi.

Na kira yaya, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Shi cewa ya yi in kyautar da akwatin, wai zan sa wuta cikin ruwa kusa da tsoho saboda kifin da bai kai yatsa ba, in wani abu ya faru ni zan amsa. Ƙanwata kuma ta ce in sayi sabon akwati babba. Na nuna wa Baba hoton wani sabon akwati a waya, ya ture hannuna. Yanzu ruwan ɗumi nake zubawa kaɗan-kaɗan daga buta, ban san ko ina taimakonsu ba ko ina ƙarasa su, shagona kuma yana rufe, ba zan dawwama a haka ba. Kifi biyu suka rage.

Yau da safe ya jima yana kallonsu, ya juyo ya ce, "Ki rufa musu zane mana, ba ki ga sanyi suke ji ba?" Wallahi na ɗauko zanena na naɗe akwatin, na fita tsakar gida na yi kuka.

Masu ajiye kifi a cikinku, wacce zan saya, ƙaramar ko ta gilashin? Akwai wata irin da ba ta jan mutum ko da ya taɓa ta? Ko in bi maganar yaya, in haka ne kuma, ku faɗa min da wane baki zan gaya wa Baba.