Kan Sarkin Harara

Dogon Dutsi, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Rakiya, uwar Rumaisa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da matan Gesheme da kike karɓa wa haihuwa. Yaya aiki, yaya baƙunta? Inna tana gaishe ki, ƙafarta da sauƙi. Kada ki yi dariya wai mai gyaran waya ya koma rubuta wa matarsa takarda. Gilashin wayarki ne bai iso daga Sakkwato ba har yau.

Saƙonki ya zo ta hannun Luƙman direba. Gyaɗa mun gode. Sai mutum-mutumin robar da kika saya wa Rumaisa'u a gwanjo, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Rakiya, duk kayan wasan kasuwa ba ki ga na saye ba sai wannan? Fuska koriya, haƙora waje, ido ɗaya ja, ga gangar ruwa a bayansa. Malam Bilal na lakkwal, wato makarantar boko, ya gan shi, ya ce mugu ne na wani littafin zane na Turawa, wai shi ke zuƙe ruwan gari ya bar mutane da ƙishi. Ɗiyarki kuwa ta raɗa masa suna Sarkin Harara, har goya shi take yi.

Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Gwiwarsa tana lanƙwasa, yatsunsa suna damƙa, kuma yana tsayawa da ƙafarsa ba a jingina shi ba. Wanda ya ƙera shi ya san hannunsa. Amma sura ce mai fuska da ido, a ɗakin da muke salla. Kin san abin da muka karanta tare, sura in an cire mata kai ta zama kamar itace. Na faɗa wa Rumaisa'u kan kawai zan yanke, in mayar mata da sauran. Ta ce amana kika ba ta, ta riƙe shi har ki dawo. Duk da haka na karɓe, na kai shago.

Yau kwana uku ke nan ba ta tarbe ni da gudu ba. A ɗakin Inna take cin tuwo. In na yi mata magana sai ta durƙusa ta amsa da ladabi kamar baƙo ne ya zo, kuma wallahi da ta yi mini kuka ya fi mini sauƙi. Inna ta ce na manta dokin karan da na hana mutane sakat da shi ina yaro. Ke ba ki nan, ita kuma tana neman kuɓuce mini, abin yana cin raina. Amma na riga na furta, gobe zan yanke.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, na san halinki.

Mijinki,
Abdussalamu

Dogon Dutsi, 11 ga Oktoba

Zuwa ga Rakiya,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya gajiyar aiki? Mu duk lafiya lau. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, don na zo miki da abin kunya.

Washegarin ranar da na rubuto miki, da hantsi, na kwantar da Sarkin Harara a kan teburin shago, na ɗauko reza. Na sa babban yatsa na danna kan don wuyan ya fito sosai. Sai na ji ƙas! Kan ya shige cikin ƙirji. Rakiya, ni da nake yi wa Inna wa'azi kan tsoron iskoki, na yi tsalle ina a'uziyya har na kifar da shayi. Ina kallo kafaɗun suka buɗe, hannaye suka naɗe baya, tayoyi suka fito daga cinyoyi, gangar nan ta kwanta a sama. Kafin in rufe baki, motar ruwa ce a gabana, har da fitilu. Na laluba ƙasanta na sami wani ɗan madanni, ina taɓawa ya miƙe tsaye da hararar tasa.

Na yi ta dannawa ya fi sau ashirin, mutum biyu suna tsaye da wayoyinsu suna jirana. Daga baya na sa turnabis na kwance kusoshin na buɗe bayansa. Ba batir, ba waya ko ɗaya. Ɗan murɗaɗɗen ƙarfe guda ne da haƙoran roba huɗu, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya ture shi, babu mai riga wani. Shekara goma sha ɗaya ina buɗe wayoyi, ban taɓa ganin dabara mai tsabta irin wannan ba. Mugun da aka zana ba ruwana da shi, amma maƙerinsa, ko a ina yake, na sara masa.

Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne wuyan. Ashe doguwar sanda ce da ta ratsa har ciki, ita ke tura komai. Da na yanke kan, da ba mutum ba mota, da gawa zan kai wa yarinya in ce ga amanar uwarki.

Na kai wa Malaminmu shi bayan azahar. Ya ce kayan wasan yara akwai sauƙi a cikinsu, ni ne na yi gaggawa ban tambaya ba. Sannan ya ce in ƙara dannawa ya gani. Sau uku na ƙara.

Da la'asar na ajiye motar a gaban Rumaisa'u. Ta dube ta, ta dube ni, idonta ya cika, ta ɗauka na lalata shi ne. Na kama yatsanta na ɗora a kan madannin. Da Sarkin Harara ya miƙe, ta ja da baya, sai kuma dariya har da faɗuwa a kan tabarma. Na ba ta haƙuri. Ban taɓa sanin ba wa 'yar shekara shida haƙuri yana da nauyi haka ba. Ita da kanta ta yanke hukunci, ta ce tunda Baba ba ya son fuskarsa, in ina gida zai zama mota. Ta kuma ce kada in faɗa miki, ita za ta nuna miki in kin zo. Don Allah ki yi mamaki sosai.

Gilashin wayarki ya iso tun shekaranjiya. Ban sa ba tukuna, kin san wanda ya ɗauke mini hankali.

Jiya da na dawo daga shago na tsaya a zaure, na yi sallama. Daga ɗaki na ji ƙas. Sai kuma ƙafafunta, da gudu.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Naki,
Abdussalamu