Hoton Kan Ni'imatu

Tambuwal

Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali da dabbobi?

Mun dawo daga asibitin birni. Likita Ziyad ya ce ƙarin da ke kaina ya kwanta dab da inda magana ke fitowa, sai sun gano wurin sosai kafin su sa wuƙa. Suka tura ni cikin wata na'urar ɗaukar hoton kai mai kama da rumbu, aka ce in riƙa ambaton sunayen abubuwa a zuci. Ƙararta kamar ana daka a maƙwabta. Gyangyaɗi ya ɗebe ni, sai ga ni a fadamar Kebbe, marigayiya Inna na wanke ƙwarya, tana kira na.

Hoton ya fito dishi-dishi. Wai numfashina da bugun zuciyata da ɗan motsin kai duk sun shiga ciki.

Ƙanwarka,
Ni'imatu

Kebbe

Ni'imatu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke.

Mafarkin nan bai yi mini ba. Mamaci shina kiranki, hoto kuma ya ƙi fita, mi kike jira? Ki taho gida. Gara ciwon kai da a maido mana ke babu baki.

Allah shi ba da lafiya.
Attahiru

Tambuwal

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kada ranka ya ɓaci, ba zan taho ba. Shekaranjiya a aji na buɗe baki in kira wata ɗalibata, kalmar ta ɓace. Ko ba wuƙa, maganar tafiya take yi.

Likita ya tace hoton a kwamfuta, kamar yadda ake sheƙe gero a fidda ƙaiƙayi. Ya nuna mini. Duhu ne, sai wani ɗan haske can gefen hagu, kamar wutar makiyaya daga nesa. Ya ce, "Malama, nan maganarki take, ta gefe za mu bi." Na daɗe ina kallo. Ashe duk surutuna ɗan wurin nan ne.

Ranar Talata ne za a yi aikin. Ka sa ni a addu'a.

Ni'imatu

Tambuwal

Yaya Attahiru,

Salam. An yi. Ina gida.

Kalmomi na dawowa ɗaya-ɗaya. Ruwa ya dawo, ƙofa ta dawo. Sunanka bai iso ba tukuna, maigidana Mudassir ne ya rubuta shi a sama. Amma ina ganin fuskarka sarai.

Ka zo ka faɗa mini shi da bakinka.

Ƙanwarka