Taifot ɗin da Na Ƙaga wa Abdulwahid

Dogon Dutsi, 24 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Rabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ku lafiya, kai da iyali a can Agadas. Inna na nan da ƙafarta, ta ƙi shan magani kamar yadda ka san ta. Gero ya yi dama-dama a gonar Matankari.

Yaya, maganar ƙaninmu Abdulwahid ce ta sa na ɗauki alƙalami. Hutun jinyar da aka ba shi na wata shida daga aikin koyarwa zai ƙare ranar da za a buɗe lakwal, wato makaranta. Ya samu sauƙi ƙwarai: yana barci, yana cin abinci, ya daina rufe kansa a ɗaki. Likitansa na Yamai ya ce zai iya komawa aji, amma a nan cikin gari, kusa da asibiti, kuma a soma masa da ƙaramin aji.

To ni ce na ɓata abin tun farko. Lokacin da ciwon ya tashi, kunya ta hana ni faɗin gaskiya cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne, na ce wa direktan lakwal ɗinsu taifot ce. Shi kuwa bawan Allah ya rubuta haka ya aika sama. Shekaranjiya na kai wa insifektan makarantu takardar likita don a maido shi gari, ya duba ya ce a dosiye, wato takardun aikinsa, taifot aka rubuta, kuma ba a ɗauke malami daga ƙauye saboda taifot. In ina so a gyara, sai an tura maganar Yamai likitoci su zauna a kanta, zai ɗauki watanni, kuma suna iya hana shi riƙe alli gaba ɗaya. In kuwa bai bayyana a wurin aikinsa ba, a cire sunansa. Na maida takardar cikin jakata na fito.

Ƙauyen da yake koyarwa kuma, can bayan Ɗan Kassari, ba ya komuwa. Ashe tun da bazara Gwaggo Ladidi ta je har can ba ta shawarci kowa ba, ta yanka baƙar akuya a gindin tsamiyar bayan aji, wai doguwa, aljanar wurin, ce ta taɓa shi. Har masu goge ta ɗauko. Ban ga laifinta sosai ba, ƙauna ce. Amma yanzu iyaye sun gaya wa direkta ba mai turo ɗansa ajin mai iskoki. Ofis na cewa taifot, ƙauye na cewa doguwa, takardar likita kuma tana cikin jakata ba mai son karanta ta.

Ban gaya wa Abdulwahid ko ɗaya ba. Ya wanke rigunansa ya goge, ya sayi jan biro. Kullum da hantsi sai ya tsaya a tsakar gida yana kiran sunayen 'yan ajinsa hamsin da huɗu, wai yana gwada muryarsa. Ni nake amsa masa daga bakin murhu. Jiya ya ce mini tun da ya kwanta bai taɓa jin daɗi irin na makon nan ba.

Ban san abin da zan roƙe ka ba, Yaya. Raina ya mutu a kan maganar nan. In ka kira shi, kada ka nuna ka sani. A bar masa kwana shidan da suka rage.

Ka gaida Zuwaira da su Salma da Mu'awiya. Inna ta ce a sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Kubra