Tsatsa Na Cin Jirgin Fitonmu

Zuwa ga Babban Mai Duba Jiragen Fito, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya da iyali.

Ni ne Umaru mai fito, a mashigin da mutanen Wurogauri ke hayewa zuwa kasuwar Kalgo. Ranar da aka kawo mana jirgin ƙarfe a bayan lori, har rawa na taka, da furfurata. Yau ƙasansa ya yi ja, ruwa na tsattsafowa ta wurin ƙusoshi, kuma abin yana ci mini rai.

Abu biyu ne suka jawo haka. Na farko, mu da jirgin itace muka tashi. In gansakuka ta kama shi, sai a ja shi gaci a dirje da yashi da ciyawa. Haka muka yi ta yi wa na ƙarfe, muna murna yana ƙyalli, ashe rigarsa muke tuɓe masa. Waɗanda suka kawo shi sun koya mana ɗaure shi da sarƙa, amma babu wanda ya ce fentin nan shi ke raba ƙarfe da ruwa da iska. Mu ado muka ɗauke shi.

Na biyu, bara an aiko masu fenti daga Gwandu. Sauri suke yi motarsu za ta koma, suka shafa baƙi a kan tsatsa, jirgin ma bai bushe ba. Kafin kaka fentin ya yi bororo, yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, tsatsar tana aikinta a ƙarƙashi.

Amma ban fid da rai ba. Wajen gindin jirgin, inda wani Bature injiniya da ya zo tare da masu fentin ya gwada musu aikin da safe, an kankare har ƙarfe ya fito fari, aka sa jan fenti mai kama ƙarfe, rana ta busar da shi, sannan aka bi da baƙi mai kauri irin na kwalta. Wurin nan yashinmu bai kai gare shi ba, kuma har yau sumul yake. Ashe ciwon yana da magani.

Roƙona, a aiko da ja da baƙi tun rani bai ƙare ba, a bar kowane shafi ya bushe, a toshe wurin yoyon. Kankara kuwa a bar mana, dirza ai sana'armu ce. A kuma nuna mana abin da za mu riƙa wanke shi da shi.

Hadari ya fara haɗowa daga gabas. In kogi ya kawo ba a gyara ba, zan ɗaure jirgin ko da zan kwana da yunwa, don ba zan ɗora matan mutane da goyonsu a kan ƙarfen da yatsana ke iya hudawa ba. Ina sa ran ba za ka bari a kai ga haka ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya kawo damina mai albarka.

Wassalam.
Umaru mai fito.