Rusuna Ka Wuce

Yaya Rakiya,

Ina gaishe ki. Ya jikin Baba? Ni lafiya lau a Mpape nan Abuja, tari ne kawai na ƙurar fasa dutse, kada Inna ta ji.

Takardar kokenmu kan Alhaji Muktar, wanda ya rufe makarantar garinmu, da hannuna na kai ta majalisa. Ranar tantance shi a matsayin ministan ilimi ina kallo a talabijin ɗin mai shayi. Ko buɗe takardar ba a yi ba. Wai tsohon ɗan majalisa ne, a al'adarsu ba a yi wa nasu tambaya. Shugaban majalisar ya ce masa, "Rusuna ka wuce!" Aka buga guduma ana dariya. Minti uku, Yaya!

Ki ce wa 'yarki Ikilima ta daina wanke rigar makarantar nan.

Allah ya isa.

Ƙaninki,
Nasrullahi