Don Tabon Ƙarami Ne, Wai Raki Nake

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, raina a ɓace yake.

Ni ce babba a gidanmu, ni ke jinyar Mama tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Ɗagawa, wanka, kai ta bayi, duk ni ce. A haka bayana ya lalace, har sunkuyawa in ɗauki buta ta gagare ni. Likita ya ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayana ne ya zame yana danne jijiya. Likitoci suka yi mini aiki, suka shiga ta 'yar ƙaramar kafa suka cire abin da ya turo, ba tare da sun tsaga ni ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in ɗaga abu mai nauyi sai ya ba ni izini.

Ƙanwata, wadda na goya da wannan bayan, ta rantse za ta karɓi jinyar. Ranar da ta taya ni canza filasta, ta ga wurin bai wuce farcen babban yatsa ba, sai ta yi wani murmushi. Washegari ta tattara kayanta. Ta gaya wa dangi wai allura ce kawai aka yi mini, raki ne da son hutu. Har ƙanenmu yana mini tsiya wai sauro ne ya cije ni. Jiya Mama ta kira ni, ba kowa a gidan, na ɗaga ta. Yau ƙafata ta hagu ta fara tsami kamar da. Wallahi abin da ƙanwata ta yi mini ya fi bayan ciwo. Yaya zan yi?

Babbar Yaya

Babbar Yaya, sannu da ƙoƙari. Kafin komai, ki daina ɗaga Mama daga yau, ki koma wurin likita a duba ƙafar nan. Kafar da aka bi ce ƙarama, aikin kuwa a ciki yake, dab da jijiya, kuma can ne bai gama warkewa ba.

Ƙanwarki ba ta kyauta ba, ba zan yi mata kara ba. Sai dai ita a saninta aikin asibiti dogon ɗinki ne. Ina kuma zargin 'yan kwanakin da ta yi tana ɗaga Mama sun firgita ta, ta ɗanɗana abin da kika daɗe kina sha, ta nemi hanyar gudu.

Ki tafi da ita da ƙanen naku wurin likita, ya nuna musu hoton bayanki. Daga nan ku raba jinyar, mai maganar sauron ai bayansa ƙalau yake. Ki faɗa musu ba kunya: idan kika sake kwanciya, mutum biyu za su riƙa ɗagawa, ke da Mama, kuma babu ke a masu taimako.

Allah ya ba ki lafiya, ya kawo wa Mama sauƙi.