Kwalekwalen da Muka Ajiye Kamar Rumbu

Rano, 9 ga Oktoba, 1960

Zuwa ga Yayana Dalhatu, a Lakwaja.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Ummukulsum da yara. Mu nan duk ƙalau, dawa ta yi kai, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi. Da hannuna na rubuta, albarkar ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri.

Maganar ƙaninmu Alu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun da kogi ya cinye gonarsa yake cewa zai biyo ka, Inna kuwa ta daina barcin kirki, don auta ne kaɗai namijin da ya rage mata a gida. Shi ya sa ka aiko da kwalekwalen nan bara da kaka a motar gyaɗa, ko ya samu sana'ar fito. To, abin da muka ɓoye maka shi ne mun kusa kashe shi da gata. Mu manoma, a saninmu danshi ne ke ruɓar da itace. Sai muka ɗora shi a kan duwatsu a bayan gida kamar rumbu, muka barbaɗe shi da toka saboda gara, ya sha ranar bazara kaf. Ni da kaina nake korar mai ɗigon ruwa kusa da shi.

Da kogi ya kawo, aka ɗauke shi da kiɗa har mashigi, rabin gari na biye. Ana saka shi ruwa ya shiga ɓulɓulowa ta ko'ina, ashe duk ya tsattsage. Kafin la'asar an raɗa masa suna Rariya. Ranar Alu ya ƙulle kayansa ya aiko maka ka nema masa aiki, ni kuma na yi kuka har na gode Allah.

Washegari na dama fura na tafi wurin Baba Manu, tsohon nan mai fito da gora. Da ma kunya ce ta hana mu tambayarsa tun farko, ganin kwalekwalen zai taɓa hanyar abincinsa. Ya yi dariya har da tari, ya ce ɗan ruwa muka mayar ɗan tudu. Ya sa aka loda masa duwatsu aka nutsar da shi kwana goma, itacen ya sha ya kumbura, sauran tsagar ya cusa tsumma ya bi da kwalta. Ya ce shi ƙarfinsa ya ƙare, iyo da gora ya fi ƙarfin tsoho, in Alu zai riƙe filafilin tuƙi shi zai zauna a baya ya nuna masa hanyar ruwa. Ashe rashin tambaya ne ya cuce mu, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Sai dai jirgi ya gyaru amma suna ya ɓaci, har ranakun kasuwar Kibiya babu mai yarda ya shiga. Ranar bikin mulkin kai na ce bari mu gwada ta ƙarshe. Na kafa murhu a gindin ɗorawar bakin mashigi, na soya kifi da waina, matan Filani suka kawo nono, Haliru mai kukuma ya zauna a tabarma yana kiɗansa. Jama'a suka cika, suka ci suka sha, suna ta tsokanar Alu wai a kawo Rariya a tace koko. Yana tsaye riƙe da filafili, idonsa ya kaɗa, na san a ransa ya riga ya hau mota.

Can sai ga Inna ta miƙe da sandarta. Inna fa, wadda ko rafi ya kai idon sawu sai ta juya. Ta taka har bakin ruwa ta ce a kama mata hannu. Ta zauna a tsakiyar jirgi ta runtse ido tana salati, Alu ya kai ta tsallake ya dawo da ita, ko gefen zanenta bai jiƙe ba. Haliru ya saka sunanta a waƙa nan take, mutane kuma suka hau turereniya, har magariba Alu bai huta ba. Yanzu kullum ina can da kaskona, ranar kasuwa kuma Haliru na zuwa. Da na tambayi Inna ina tsoron nata ya tafi, sai ta ce yana nan, amma ta fi tsoron Lakwaja a kan kogi.

Saboda haka, Yaya, aikin nan da ka samar wa Alu ka bai wa wani mabuƙaci. Jiya na ga ya kwance ƙullin kayansa, Inna na shanya masa rigunan.

Inna na sa maka albarka. Ka gaida Ummukulsum da Khadijatu da Ishiyaku. Baba Manu ya ce a tambaye ka, da ka aiko jirgi me ya hana ka aiko da bayani? Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Laraba